Wanda Aka Bari a Bakin Kogi

To, kai da ka ce kana son ka haɗa wasan da mutum ke shiga rigar wani da wasan tsara dabarun runduna, gyara zama ka ji. Ban ce ba ya yiwuwa ba, amma na san wadda ta gwada.

Wata mata ce a Funtuwa, sana'arta ƙirƙirar wasannin waya. Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin bisa hanya, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Tun daga nan ya ɗinke bakinsa, ko gaisuwa ba ya amsawa. Don shi ta yi wani ɗan wasa: kai ne farke guda ɗaya, kai da jakinka, za ka Gwanja sayen goro. Kai za ka raɗa masa suna, kai za ka zaɓi wanda zai taimaka wa da wanda zai yi wa rowar ruwa, kuma abin da ka aikata yau yana can yana jiranka a zangon gaba. Ai ƙashin bayan irin wasan nan ke nan, ka zama mutum ɗaya, abin da ya faru kuma ya faru. Tsoho ya sa wa farken suna Gambo, yana kora shi da babban yatsan hannun da ya rage masa. A zango na huɗu jakin ya taka ƙaya ya gurgunce, wasan ya ba shi damar musanya shi, ya ƙi ƙememe. Wallahi mutumin da ya yi wata bakwai ba a ji muryarsa ba, sai ga shi yana kiran 'yarsa da harshen nan nasa mai nauyi, yana ba ta labarin inda Gambo ya yada zango. Takan fita tsakar gida ta yi kukan daɗi.

Sai abokan sana'a suka sa ta gaba da tsiya. Wai mutum ɗaya da gurgun jaki, wannan ma wasa ne? Abin ya yi mata ciwo, don ita ma tana son a san da ita. Ta duƙufa wata uku ta faɗaɗa shi. Yanzu kai ne madugu, kana kallon ayarin mutum ɗari uku daga sama kamar tururuwa, ka raba guzuri, ka jera masu gadi, ka ƙetare kogi kafin ya kawo ruwa. Ta kuma kafa doka irin ta masu dabara: wanda ya fi kowa nawa wajen tafiya a bar shi, don ayari ya tsira. Ta juye tsohon wasan cikin sabo, ta miƙa wa mahaifinta tana fara'a. Tsoho ya yi ta laluben Gambo cikin ɗige-ɗigen nan har ya gano shi can a ƙarshen layi, yana jan jakinsa. Ya danna, ya sake dannawa, Gambo bai waiwayo ba, don madugu ba ya magana da mutum ɗaya. Aka iso kogi. Ba a tambayi tsoho komai ba. Lambar da ke saman allo ta sauka daga ɗari uku zuwa ɗari biyu da casa'in da tara, wasan kuma ya buga masa kiɗan nasara.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ashe haka ake yi wa mai nawa."

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, yanzu zan dawo maka da shi." Ta kuwa dawo da shi kafin la'asar, da jakinsa da kayansa, ba abin da ya ɓace. Tsoho ya dube shi sau ɗaya, ya ce wannan ba Gambo ba ne, Gambo an bar shi a bakin kogi. Bai ƙara taɓa wayar ba, bai ƙara kiranta ba, kafin damina ta ɗauke Allah ya karɓi abinsa. Abokan sana'a kuwa sun yaba sabon wasan ƙwarai, ita ce dai har yau ba ta iya buɗe shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.