Ranar da Ta Kira Sunansa

Shekara uku Ummulkhair ba ta taɓa furta sunan Habibullah ba. "Malam" take ce masa, don a rugarsu mace ba ta kiran sunan wanda za ta aura.

Ranar kasuwar Sule Tankarkar ya tare ta a gindin darbejiya, ya kashe babur, ya sunkuyar da kai.

"Hajiyarmu har yanzu ba ta sauko ba," ya ce. "Wai ba za ta haɗa zuri'a da mutanen daji ba. Ki ƙara haƙuri zuwa bayan kaka."

Ta zuba masa ido. Kaka ta uku ke nan. Ta tuna man shanun da ta riƙa aika wa tsohuwar, da gaisuwar da ake amsa mata ciki-ciki.

"Na gaji da lallashin zuciyar da ba a ƙirjina take ba," ta ce. "Tata da taka duka. Tun da na haƙura nake samun barci."

"Me kike nufi?"

Ta gyara mayafinta, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Ka gaida gida, Habibullah."

Ya ɗago a firgice. Bai taɓa jin sunansa ya yi ɗaci haka ba.