Kitson Ranar Alhamis

Kakarmu ce ta ba Baba wannan misalin, ran da ya ce shi kam ya gaji, zai sa a kai ƙanwarsa Gwaggo Ramma ƙauye a kulle ta har ta daina shan abin da take sha. Kaka ta ce, "Zauna tukuna, ɗan nan, ka ji."

An yi wata mai kitso, tsagarta kamar an ja zare. Duk amaryar da ba ta bi ta hannunta ba, kamar ba a yi bikin ba. Sai ɗanta na goye ya rasu, barci ya ƙaurace mata, wata ƙawa ta ba ta maganin tari wai yana sa barci. Daga kwalba ɗaya sai biyu, sai ƙwaya. Ta koma magana ita kaɗai, wani sa'in ta wuni tana kallon bango. Miji ya sallame ta, mata suka daina kawo kai, ta dawo ɗakin yayarta. Yayar ce mai kai ta asibiti, ita ce mai tsintar kwalabe a bayan randa. Ta yi kuka, ta yi faɗa, har mari ta taɓa yi. Amma duk ranar Alhamis sai ta tsefe kanta, ta shimfiɗa tabarma, ta miƙa wa ƙanwar kibiya, ta zauna a gabanta. Hannun yana rawa, tsaga ta karkace, wani lokacin a tsaya a rabi sai gobe. Haka yayar take ɗaura ɗankwali ta tafi gidan suna. Mata suka ce ga masu kitso cike da gari, me ya yi zafi? Ta ce, "Ran da na kai kaina wani gida, na gaya mata ta ƙare ke nan."

Ba wai ƙanwar ta warke ba ne. Ta yi wata guda garau, ta sake komawa ruwa. Amma wani sa'in ana tsakiyar kitso sai ta dungure mata kai ta ce, "Yaya, ki daina motsi mana," da muryarta ta da, sak. Wannan muryar yayar ke jira daga Alhamis zuwa Alhamis.

Sannan Kaka ta ce, "Shi ya sa aka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."