Manomin Albasa da Mai Zuba Tukwane

Kai mai cewa duk abin da aka ƙera a gida tarkace ne, gyara zama in ba ka misali, tunda magana a miƙe ba ta shiga kunnenka.

An yi wani manomin albasa a bakin gulbi, mutum mai ƙwazo, sai dai yana son a ce nasa ya fi na kowa. Da damina ta koma yi wa mutane rowa, ta zo a makare ta tafi ba sallama, sai kowa ya rungumi noman rani, ga shi kuwa fetur ya fi ƙarfin injin ban ruwa. Nan masu sana'ar garin suka haɗa kai: mai walda, da mai naɗin wayar inji, da wani mai narka gwangwani yana zuba tukwane a cikin yashi. Faifan hasken rana dai sayo shi ake yi daga waje, ba su yi ƙaryar sun iya ba. Amma famfon da ke jawo ruwan, su suka ƙera abinsu. Muni kuwa ba a magana! Walda kamar tabon ƙuna, fenti ya dalalo, in yana aiki ka ce tsoho ne mura ta kama. Maƙwabta suka saya a haka. Mutumin namu ya leƙa, ya ja tsaki, ya ce shi ba zai rataya albasarsa a wuyan mai tukunya ba. Ya sayar da bijiminsa, ya aika birni aka kawo masa ɗan ƙasar waje, fari fat, a cikin kwali, ko tari ba ya yi. Kwalin ma bai yar ba, a zaure ya jingine shi don masu wucewa su gani.

Ana nan, zafi ya shigo, gulbi ya ja baya, abin da ya rage rabi ruwa rabi yashi. Albasa kuwa ta fara yin kai, lokacin da in ta sha ƙishi shekara ta tafi. Yashi bai san ɗan gida ba, bai san baƙo ba: duk famfon da ke bakin gulbin sai da ya ci masa farfelar ciki. Maƙwabta in tasu ta lalace da safe, su taka kasuwa, kafin azahar ruwa na gudu. Shi kuwa da ya kwance nasa, sai ya ga farfelar roba ce ta dagargaje, irin wadda babu mai ita a duk faɗin yankin. Ya kira wanda ya sayar masa, aka ce kayan na kan teku, ya yi haƙuri. Haƙuri! Yaushe albasa ta san haƙuri? Ya tattaro mutanen gidansa da bokitai, suna zubawa ƙasa na lashewa kamar ana yi mata dariya. Ganye ya fara rawaya daga baki, ya sunkuya. Bijimi ya tafi, abincin shekara na cikin wannan ƙasar da ke tsagewa, shi kuma yana tsaye da farin ƙarfe wanda bai fi dutse amfani ba.

Da uwar bari ta bayyana, ya ƙunshe gutsattsarin farfelar a tsumma, ya bi ta bayan kasuwa don kada a gan shi. Mai tukunya ya ɗago kai ya ce, "A'a, Alhaji! Yau Turai ce a rumfar mai gwangwani?" Ya karɓi tsumman ya kwance. Ya harhaɗa gutsattsarin, ya danna su cikin jiƙaƙƙen yashi yadda yake danna tukunya, ya narka, ya zuba. Ta farko ta fito a karkace, ya mayar da ita wuta. Ta biyu mai walda ya goge ta, mai naɗin waya ya bi manomin gona ya ɗaura ta. Rana na dukan faifai, sai famfo ya yi kaki, ya yi tari irin na 'yan gari, ruwa ya ɓalle ya bi kwari yana shiga fangali bayan fangali. Mutumin nan ya bi ruwan da kallo. Ya zauna daɓas a laka da babbar rigarsa, ya tsoma hannu a ruwan, yana ta alhamdu lillahi. Gefen da ya riga ya ƙone ya tafi, amma mafi yawan gonar ta miƙe.

To, ashe ba shi kaɗai ne mai farin famfo a mace ba. Labari ya bi gulbi, mutanen ƙauyuka suka fara zuwa da nasu a bayan babur. Rumfa uku ta zama layi guda, samarin da kan tafi ci-rani suka ga ga aiki a ƙofar gida, har mai tuwo ta ƙara tukunya, kuma ka san wurin wa ta saya. Kwalin nan na zaure kuwa, da hannunsa ya miƙa wa awaki suka cinye.

Saboda haka in ka ga naka yana tari, kada ka raina shi, ka taimaka masa ya girma. Ba banza Bahaushe ya ce ba: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.