Jadawalin Injiniya Nafi'u

"Awa uku kan ƙofa ɗaya, Baba Anayo? Kunkuru ma ya fi ka sauri!" in ji Injiniya.

Anayo bai ɗago daga waldarsa ba. Shekara ashirin yana ƙera ƙofofin ƙarfe a wata maƙera a Gyadi-Gyadi, sai bana da soja suka koma bariki, mai wurin, Alhaji Ɗanlami, ya ɗauko wani Injiniya Nafi'u ya tsara musu aiki. Wata uku yana bin mutane da agogo a hannu, ko tartsatsi bai taɓa huda masa riga ba. Yankan ƙarfe minti kaza, fenti minti kaza, har shiga bayi sai da ya ƙayyade wa lokaci.

Ran Asabar ya kawo jadawalinsa yana hura hanci.

"Alhaji, duk wanda babu sunansa a takardar nan, zaman banza yake yi. A sallame shi."

Anayo ya dakata da walda. 'Ya'yansa huɗu na makaranta a Tarauni.

Alhaji ya karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na Anayo ne ƙarshe. Ya juya takardar, ya duba bayanta, sannan ya ɗago.

"To ai kowa na ciki, Injiniya, sai kai. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."