Man Giya Ya Koma Madara

Bakanike ya zaro sandar awon man giya, ya kwashe da dariya. Man da ya kamata ya fito ja wur ya koma kamar madara.

Ya ƙwala wa abokan aikinsa kira. "Lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, ya fashe ta ciki, ruwa ya kashe giya! Tun bara na gargaɗi maƙwabcina, ya ce cutarsa zan yi. Yau ya ajiye motar ba ko sallama. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho!"

Har rawa ya taka.

Sai ga matarsa, baki har kunne. "Albishirinka, maigida! Na sayar da gwala-gwalaina na saya maka motar nan ta maƙwabcinmu. Ya ce kai ka fi kowa sanin lafiyarta."