Barandar Gwaggo

Gwaggo mai ɗinki ta tsufa a barandar tsohon siton sabulu. Tun da kamfanin ya rufe, cikin ginin ya zama na jemagu da 'yan shaye-shaye, amma barandar ba ta mutu ba. Ga keken ɗinkinta, ga mai gyaran takalmi, ga mai walda, ga wanzami. Su ke share wajen, su ke korar ɓata-gari.

Wata rana ɗan ƙanenta ya zo da manyan takardun zane a hammata. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, yanzu kuwa Injiniya ake kiransa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Gwaggo, ba rushewa za mu yi ba. Gyarawa za mu yi, ya zama shaguna, unguwa ta farfaɗo. Ku da kuka riƙe wajen ku za ku fara zaɓa. Ki dai lallashe su su matsa mana."

Mai takalmi ya ƙi. "Ni fa mutumin da takalminsa bai taɓa tsinkewa ba, ban yarda da shi ba."

Aka yi dariya, amma Gwaggo ta ɓata rai. "Ɗana ne. Da hannuna na yi masa wanka. In ya ci amanarku, ni ku kama."

Saboda ita suka tattara kayansu.

Aiki kam ya yi kyau, ba a cewa komai. Aka bar tsohon bulo da ƙofofin ƙarfe, aka sa gilasai da fitilu. Ranar buɗewa Gwaggo ta ci ado, ta jawo maƙwabtanta a baya. Sai suka tarar kowane shago da mai shi: turare, wayoyi, kayan sawa na waje. A tagar wani ma an goge tsohon keken ɗinki an ajiye don ado. Keke ya samu wuri, mai ɗinki ba ta samu ba.

Ta hango Injiniya cikin baƙi. Ya jawo ta gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, masu ginin ne suka ce sana'arku ba ta dace da tsarin ba. Ko barandar ma ba za a zauna ba. Don Allah kar ki ba ni kunya a nan."

"Kunya?" Gwaggo ta maimaita, ta juya ta fita.

Yanzu a ɗaki take ɗinki, inda ba haske, ba mai wucewa. Wanzami ya bar unguwar, mai walda ya koma dako. Abin da ya fi ci mata rai, in ta gaida mai takalmi a hanya, sai ya kau da kai.

Jama'a, gyaran tsohon gini alheri ne, amma unguwa mutane ce, ba bango ba. Wanda ya raya gini ya kori waɗanda suka tsare shi, cin amana ya yi da sunan gyara.