Jan Bijimin da Aka Hana wa Wuƙa

Tun da na ji kana yabon garin da ya fi kowa yanka shanu bana, zauna in ba ka wani misali.

Wasu ƙauyuka biyu ne ke kai shanu mahauta ɗaya, guda a bakin fadama, guda a kan tudu. Duk ranar kasuwa Sarkin Fawa yakan ƙirga bijiman da aka yanka, ya faɗi rabon kowane gari a bainar jama'a. Cikin goma, takwas na mutanen fadama ne. Dabararsu ɗaya ce tak: bijimin da ya fi tozo da faɗin ƙirji shi suke fara miƙa wa wuƙa don a yi musu kirari, ƙanjamammen da mahauta suka ƙi kuwa shi ake mayarwa garke ya yi barbara. To, a kan tudu akwai wani makiyayi mai jan bijimi, irin wanda in ya gitta a lungu sai mutum ya jira. Mahauta suka yi ta zarya gidansa, ya ce wannan ba na yanka ba ne. Rabon tudu ya ƙi motsi, har Sarkin Fawa ya ƙwace turakunsu na inuwa a kasuwar shanu ya ba fadama, su aka tura su can baya cikin rana. 'Yan garinsa suka ɗora masa laifi, mata suka sa shi a waƙar daka, wai ya auri sa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya daina shiga kasuwa. Amma bai kwance igiyar bijimin ba, kuma duk wanda ya kawo saniya, ko cikin masu zaginsa ne, sai ya buɗe masa shinge.

Damina huɗu aka yi a haka. Maruƙan fadama suka riƙa fitowa kamar awaki, ɗa ya gaji ubansa, mahauci ya shafa ya ce ƙashi ne da fata. Rabonsu ya sauko biyar, ya gangaro biyu, kirari ya ƙare. Ranar wata kasuwa sai ga makiyayin nan a gaba, 'yan garinsa na biye da jajayen bijimai goma sha biyu, kowanne tozo na rangaji. Kasuwa ta dare biyu. Sarkin Fawa da kansa ya miƙe ya nuna musu turakunsu na inuwa, ranar kuwa tara cikin goma na tudu ne. Makiyayi ya yi dariya har da hawaye. Kafin mako ya zagayo, mutanen fadama sun yi layi a ƙofar shingensa da shanunsu mata, suna roƙon tsohon bijimin da aka yi wa dariya, shi kuwa ya buɗe musu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.